Me ya sa ake rage wa Inna oksijin alhali haki take yi?

Autar Inna ta rubuta:

Assalamu alaikum. Don Allah ma'aikatan lafiyar da ke zauren nan ku taimaka min da bayani, kaina ya ɗaure, kuma rigima na neman tashi tsakanina da yayana a bakin gadon mahaifiyarmu.

Inna ta haura shekara 65. Tun kafin a haife ni take sana'ar tuya, ƙosai da safe, waina da yamma, a wani ɗan ɗaki da ke jikin zaurenmu mai taga ɗaya. Da itace take yi, in damina ce ma ɗanyen itace. Ba ta taɓa shan taba ba. Ta daɗe tana tari da kaki musamman da asuba, duk muka ɗauka na tsufa ne. An yi mata gwajin tarin TB ba a samu ba. Sai daga baya wani likita ya sa ta hura wata na'ura, ya ce tana da COPD, hanyoyin iskar huhunta sun tsuke kuma ba za su koma daidai ba. Ya ba ta inhela. Duk hunturu in hazo ya sauka sai ciwon ya motsa, amma bai taɓa kai wa na bana ba.

Mura ta fara yi, kakin ya koma kore, numfashi ya gagara har ba ta iya kai ƙarshen magana. Da daddare muka kai ta wani ƙaramin asibitin kuɗi a unguwarmu. Na'urar auna oksijin a jini da ake maƙalawa a yatsa ta nuna 78. Nan take suka sa mata takunkumi mai jaka a ƙasa, suka buɗe tukunyar oksijin zuwa lita 10. Lambar ta haura 99, har 100. Muka yi hamdala. Hakin ya lafa, ta samu barci. Amma barcin ya ƙi ƙarewa. Da asuba na tashe ta salla ta buɗe ido da ƙyar, ta kira ni da sunan ƙanwarta da ta rasu, ta koma. Tafin hannunta da ɗumi, yatsunta na ɗan fizga. Ganin haka suka ce mu wuce babban asibiti.

A can aka ɗebi jini a wuyan hannunta, ba a jijiyar da aka saba ɗiba ba. Na ɗauki hoton takardar: pH 7.27, CO2 78, HCO3 35. Likitan ya rubuta "respiratory acidosis", ya ce mana asid ya taru a jininta, aka kira shi wani wajen kafin in yi masa tambaya. Suka cire takunkumin nan suka sa wani mai shuɗin bututu, suka mayar da oksijin ƙasa sosai. Yanzu lambar yatsa tana yawo tsakanin 89 da 91. Yayana in ya ga haka sai ya ƙara buɗe oksijin ɗin da kansa, nas ta zo ta mayar. Jiya har sun ɗaga wa juna murya. Shi cewa yake rowa ce, tukwanensu ne ba su isa ba shi ya sa suke tsimi da ran mahaifiyarmu. Gwaggonmu kuma da ta ji maganar asid ta jiƙo kanwa ta kawo a gora, ta ce a hana ta lemon tsami da kunun tsamiya.

Ni zuciyata ta fi karkata ga nas ɗin, domin da idona na ga lokacin da lambar take 100 ne Inna ta fita hayyacinta. Amma ba ni da hujjar da zan gaya wa Yaya. Me ya haɗa huhu da asid? Kuma ta yaya iskar da ake ceton rai da ita za ta yi wa mai haki yawa?

Nas Mai Aikin Dare ta amsa:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah Ya ba Inna lafiya, Ya sa kaffara ne. Kafin komai, ki roƙi yayanki ya daina taɓa oksijin ɗin nan tun daga yanzu, ko da bai gamsu ba tukuna. Nas ɗin a kan daidai take. A ɓangaren masu ciwon ƙirji nake aiki, kuma abin da kika bayyana muna ganinsa sosai, musamman a watannin sanyi.

Aiki biyu huhu yake yi. Yana shigar da oksijin, yana kuma fitar da iskar kabon dayoksaid, wadda muke kira CO2. Ita wannan jiki ne yake samar da ita kullum daga abincin da ya ƙona, kusan mililita 200 a kowane minti ko mutum na kwance, kuma hanyar fitarta ita ce numfashi. Ki tuna ɗakin tuyar Inna: ko an samu iska na shigowa ta ƙofa, in hayaƙi ba shi da mafita sai ya cika ɗakin. To na'urar yatsa shigowar kawai take gani. Ba ta auna CO2 ko kaɗan. Shi ya sa za ta iya nuna 100 alhali mutum na nitsewa.

In CO2 ta taru a jini tana haɗuwa da ruwan jiki ta zama asid. Asid ɗin da likita ya faɗa ke nan. Ba daga ciki ya zo ba, ba shi da alaƙa da ƙwannafi ko da abinci mai tsami. Ku ba Gwaggo haƙuri ta mayar da kanwarta. Ba za ta fitar da CO2 ba, ga gishirin da ke cikinta da zai iya ƙara wa zuciya da ƙoda nauyi, ga kuma haɗarin ɗura wa mai magagi ruwa ya sarƙe ta ya faɗa huhu. Muddin ba ta farka sosai ba, kada a ba ta komai ta baki sai an tambayi ma'aikata.

Yanzu ɗauko takardar mu karanta. pH shi ne ma'aunin asid a jini. A mai lafiya yana tsakanin 7.35 da 7.45, in ya sauka ƙasa da 7.35 jini ya karkata zuwa asid. Na Inna 7.27. CO2 kuma tsakanin 35 da 45 ya kamata ta tsaya, tata 78. Lamba ta uku, HCO3, ita ce bayikabonet, sinadarin da ƙoda ke riƙewa don ta rage kaifin asid. Daidai shi ne 22 zuwa 26, nata 35. Wannan ta ukun tana ba da labari. Ƙoda ba ta da sauri, sai ta yi kwana 3 zuwa 5 kafin ta tara bayikabonet mai yawa. Da a dare ɗaya CO2 ta tashi daga 40 zuwa 78, bayikabonet ba zai wuce wajen 28 ba. Tunda ya kai 35, alama ce Inna ta daɗe tana yawo da CO2 mai yawa a jikinta, ƙodarta na rufa mata asiri, har wannan ciwon da oksijin mai yawa suka zo suka fi ƙarfinta. Ki tambayi kanki ko a watannin baya tana yawan tashi da ciwon kai da safe, ko tana gyangyaɗi da rana tsaka ana hira. Alamominta ke nan.

Barcin da ya ƙi ƙarewa, kiran sunan wani, ɗumin hannu da fizgar yatsu, duk aikin CO2 ne a ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Abin da ke ba ni tsoro a wannan ciwo shi ne yana zuwa da kamar sauƙi. Mai haki ya yi shiru, dangi su ce ya samu barci a bar shi ya huta.

Ga mai COPD irin na Inna, abin da ake nema a na'urar yatsa shi ne 88 zuwa 92. Ba tsimi ba ne, ma'aunin da aka tsayar ke nan a asibitocin duniya. Takunkumin mai shuɗin bututu sunansa Venturi, an ƙera shi ne ya ba da oksijin kashi 24 cikin 100 daidai, mai farin bututu kuma 28. Iskar da muke shaƙa a waje kashi 21 ce. Ɗan ƙarin nan ya ishe ta. 89 zuwa 91 da kike gani, nan ake so ta zauna.

Ɗan Kasuwar Waya ya amsa:

Sista, ina girmama aikinku, amma ni ban ga laifin yayan nan ba. Lokacin korona mahaifina ya rasu a hannuna, oksijin ya ƙare da tsakar dare, muka yi ta yawo neman tukunya ba mu samu ba sai da gari ya waye. Lambarsa na sauka ina kallo. Tun daga ranar in na ji ma'aikacin asibiti ya ce "wannan ya isa" sai gabana ya faɗi. Mu talakawa ba mu da hanyar gane gaskiya daga tsimi. A lokacin ce mana aka yi in ta yi ƙasa da 94 akwai matsala, yanzu kuma a ce 89 daidai ne. Wanne za mu kama? 'Yar'uwa, ni shawarata ku nemi babban likita ya faɗa muku da bakinsa, ya kuma rubuta a fayil.

Autar Inna ta amsa:

Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa ya huta, Ya ba ku haƙuri. Malam, maganarka ita ce ta Yaya sak, kuma na san ba mugunta ba ce ta sa shi, tsoro ne. Shi ya ɗauko ta a kafaɗa ya sa a mota daren nan.

Sista, Allah Ya saka da alheri. Maganar ciwon kai ta taɓa ni. Tun bara Inna take tashi da shi kusan kullum, takan ce matashi ne bai yi mata daidai ba, in ta sha shayi zuwa hantsi ya sake ta. Gyangyaɗi kuwa har a gaban kasko take yi, jikokinta na tashinta. Ashe tun lokacin abin yake.

Yanzu da yamma sun sake ɗibar jinin, pH bai motsa sosai ba, sun ce za su sa mata wata na'ura mai suna BiPAP. Na ga an sa wa wani dattijo a gadon gefe, takunkumi ne da ake ɗaurewa tam a fuska, yana ta fizgewa. Yaya ya ce shi ya ji in aka sa wa mutum injin numfashi ba ya tashi. Har yanzu bai sa hannu ba.

Likita a Ɓangaren Ƙirji ya amsa:

Malama, ku sa hannu, kada ku kwana a kan wannan shawara. Zan dawo kan dalili, amma bari in fara da ɗan'uwanmu da ya rasa mahaifinsa, domin tambayarsa tana kan hanya.

Malam, duka lambobin biyu gaskiya ne, marasa lafiyar ne suka bambanta. Mai korona, mai limoniya, yaro, mai ciki, wanda ya yi haɗari, yawancinsu ana nema musu 94 zuwa 98. Wanda ake tsoron CO2 za ta taru masa shi ake tsayarwa a 88 zuwa 92: mai COPD, wanda tarin TB ya bar wa huhu da tabo mai yawa, mai ƙiba sosai da ke minshari yana ɗauke numfashi cikin barci, mai ƙusumbi ko karkataccen ƙashin baya da ya matse ƙirji, da mai ciwon da ke raunana tsokar numfashi. Kuma ƙarancin oksijin ya fi saurin kisa. Daren da aka kai Inna da 78, ba ta oksijin wajibi ne, wanda ya sa mata bai yi laifi ba a nan. Inda aka kauce shi ne barin ta a lita 10 har gari ya waye ba a rage ba. Haka nan in an ga irin wannan barci, ba a cire oksijin gaba ɗaya, domin lambar za ta iya faɗuwa ƙasa da inda ta fara. Ragewa ake yi ana duba na'ura. Shawararka ta a rubuta a fayil ma mai kyau ce, haka ya kamata a yi: oksijin magani ne, ana rubuta ma'auninsa kamar na allura.

An daɗe ana koyar da cewa in aka ba mai COPD oksijin da yawa ƙwaƙwalwarsa ce ke daina tura shi ya yi numfashi. Akwai ɗan wannan, amma ba shi ne babba ba. A huhun mai COPD akwai sassan da iska ba ta shiga sosai. Jiki da kansa yakan matse ƙananan jijiyoyin jinin da ke wajen, ya karkatar da jini zuwa sassan da ke aiki. In aka cika oksijin sai jijiyoyin nan su saki, jini ya koma bi ta wuraren da ba su iya fitar da CO2. Na biyu, jajayen ƙwayoyin jini suna ɗaukar wani kaso na CO2, in suka cika da oksijin sai su sake ta a cikin jini. Mai lafiyayyen huhu zai ƙara numfashi ya fitar, Inna ba ta da wannan ƙarfin.

Ba hasashe ba ne. A 2010 an wallafa wani bincike da aka yi a tsibirin Tasmaniya na Ostireliya a kan mutum 405 da motar asibiti ta ɗauko da matsalar numfashi. Wasu an buɗe musu oksijin sosai, wasu an daidaita musu a 88 zuwa 92. Cikin waɗanda aka tabbatar suna da COPD, kusan 9 cikin 100 ne suka rasu a rukunin farko, 2 cikin 100 a na biyu.

Wani abu da ya shafe mu kai tsaye: na'urar yatsa takan ƙara lamba a kan baƙar fata. Wani bincike na Jami'ar Michigan a Amurka a 2020 ya nuna ta fi ɓoye ƙarancin oksijin a baƙaƙe kusan ninki uku a kan farare. Lalle mai duhu, sanyin yatsa da motsi su ma suna iya rikita ta. Wannan ya sa jinin wuyan hannu, duk da zafinsa da tsadarsa, shi ne alƙali.

Sai BiPAP. Wanda yayanki yake tsoro shi ne injin da ake sa wa mutum barci a zura masa bututu a maƙogwaro. BiPAP daban ne, mutum na farke, yana iya magana, ana cire shi a ci abinci. Abin da yake yi shi ne tura iska da ƙarfi lokacin da ta ja numfashi, ya sassauta lokacin da take fitarwa, sai kowane numfashi ya yi zurfi, tsokar ƙirjinta da ta gaji ta samu hutu, CO2 ta fita. Ƙa'idarmu ita ce in an yi kamar awa ɗaya ana ba da magani, wato salbutamol da ipratropium masu buɗe hanyoyin iska ta nebulaiza (na'urar da ke mayar da magani kamar tururi a shaƙa), da prednisolone, da maganin ƙwayoyin cuta tunda kakin ya canja launi, amma pH na ƙasa da 7.35 kuma CO2 na sama, to lokacin BiPAP ya yi. An tabbatar yana rage mutuwa, yana kuma rage yawan waɗanda ake kai wa ga bututun maƙogwaro. Wato shi ne hanyar kauce wa abin da Yaya ke gudu. In aka jira pH ya gangara ƙasa da 7.25, ko ta daina farkawa, zaɓin zai ƙuntata.

Awannin farko suna da wuya, ba zan ɓoye miki ba. Iskar na bugun fuska, mutum ya ji kamar ana shaƙe shi. A nan ne ke za ki fi mu amfani. Ki zauna inda za ta gan ki, ki riƙe hannunta, ki gaya mata abin da ake yi da muryar da ta sani. Ki roƙi nas ta fara riƙe takunkumin da hannu kafin a ɗaure. Kada kowa ya ba ta maganin barci don ta natsu. Diazepam, tramadol, maganin tari mai kodin, duk suna danne numfashi, kuma ga mai irin wannan huhu ƙwaya ɗaya na iya mayar da ita inda ta fito. Gwamnatin Najeriya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin tun 2018, amma har yau muna karɓar tsofaffin da aka sayo wa irin waɗannan a kemis saboda tari ya hana su barci.

Uwargida Mai Jinya ta amsa:

Autar Inna, sannu da jinya. Ni ba ma'aikaciya ba ce, maigidana ne TB ya cinye wa gefen huhu, ya warke daga TB ɗin amma numfashi bai dawo ba. An taɓa sa masa BiPAP ɗin nan, ya yi ta faɗa da mu, yau ga shi yana zuwa masallaci da ƙafarsa. Ki sa a liƙa mata filasta ko auduga a karan hanci, wajen na saurin yin gyambo. Bakinta zai bushe, ki riƙa goga mata ruwa a leɓe in an cire.

Abin da nake so ki fara tunani tun yanzu shi ne gida. Mu likita ya rubuta mana wata 'yar takarda mai cewa a riƙe shi a 88 zuwa 92, na kai aka liƙe ta da leda, tana aljihunsa kullum. Duk asibitin da muka shiga ita nake fara miƙawa. Ku nemi irinta kafin a sallame ku. In an ba ku injin oksijin na gida, a bar shi a litar da aka rubuta, kuma kada a kusanto da wuta ko garwashi inda yake. Na daina turaren wuta a ɗakinsa, na daina kunna maganin sauro mai hayaƙi, gidan sauro muke sawa. In sanyi ya yi kada a shigar mata da kaskon gawayi ɗaki, janareta kuma can nesa da taga. Wannan hayaƙin wata guba ce daban, kabon monoksaid, kuma an gaya mana na'urar yatsa ba ta gane ta, sai ta nuna lamba mai kyau mutum na mutuwa.

Tuya kuwa, ki yi haƙuri, ta ƙare. Na san raba tsohuwa da sana'arta ba ƙaramin abu ba ne.

Autar Inna ta amsa:

Jama'a, Allah Ya biya ku. Na miƙa wa Yaya wayata ya karanta da kansa, ya daɗe a kan amsar Likita, sannan ya tashi ya je ya sa hannu. Ya kuma nemi nas ɗin ya ba ta haƙuri.

Daren ya yi tsawo. Inna ta yi ta kai hannu za ta cire, ina riƙewa ina yi mata magana, har ta gaji ta bar shi. Wajen asuba ta buɗe ido ta kira ni da sunana, ta tambaya wa ya ɗaure mata fuska. Jinin safe ya nuna pH 7.36, CO2 62, HCO3 34. Likitan da ya zagayo ya ce kada mu sa rai CO2 ɗinta za ta koma 40 irin ta kowa, wataƙila wajen 55 ne mazauninta, abin da suke bi shi ne pH da kuma hankalinta. Yanzu suna cire na'urar da rana na wasu awanni, su mayar da daddare. Ta sha kunu da cokali. Tana tari sosai, kakin na fita, sun ce haka ake so.

Anti Uwargida, maganar tuya ita ce ke gabanmu. Matar Yaya da 'ya'yanta mata biyu ne suka karɓi kaskon tun da Inna ta kwanta, a ɗakin nan dai, da itacen nan dai. Jiya na tsaya a ƙofar na kalli bangon, baƙi ƙirin har rufi, ƙaramar tana tari tana juya ƙosai. Na gaya wa Yaya ko dai a fitar da murhun tsakar gida a yi masa rumfa, ko mu haɗa kuɗi a sayi na gas. Ya ce gas zai cinye ribar, ni kuma na ce ya lissafa abin da muka kashe a asibitin nan. Ba mu gama maganar ba.

Tambayata ta ƙarshe ga Sista ko Likita: sun ambaci wataƙila a rubuta mata oksijin na gida. Da wutar unguwarmu da ba ta tsayawa, wane ya fi, injin ko tukunya? Kuma da wace alama zan gane abin na dawowa tun kafin ya kai inda ya kai?

Nas Mai Aikin Dare ta amsa:

Alhamdu lillahi, Allah Ya ƙara sauƙi. Kada ku yi gaggawar sayen komai. Ba a yanke hukuncin oksijin na dindindin a kan gadon asibiti, sai ta warware an sake auna ta bayan wasu makonni, da yawa sukan tashi ba su buƙata. In ya tabbata tana buƙata, ana so ta sha aƙalla awa 15 a rana kafin ya yi amfani, kuma tukunya kaɗai ba za ta riƙe wannan ba sai kun tsiyace wajen cikawa. Injin ne ginshiƙi, da sola ko batir in da hali, sai ƙaramar tukunya a ajiye don lokacin ɗaukewar wuta da tafiya asibiti. Ki tambaye su kuma ko za ta buƙaci BiPAP na dare a gida, tunda CO2 ɗinta ta daɗe a sama.

Alamomin da za ki sa wa ido: ciwon kan safe ya ƙaru, barcin rana ya yi yawa, magana ta fara kaucewa, kaki ya ƙaru ko ya canja launi, ƙafa ta kumbura. Ki sa ta miƙe hannuwa gaba ta ɗaga tafin kamar mai tsayar da mota, ta riƙe na rabin minti. In kika ga suna faɗuwa suna dawowa, ku tafi asibiti a ranar, ko da lambar yatsa na da kyau. Ku ɗauki takardar 88 zuwa 92, ku nufi inda ke da na'urar gwajin jinin wuyan hannu, domin ba kowane asibiti ke da ita ba. Kafin sallama ki sa a duba yadda take shaƙar inhela a gabansu, a kuma tambaya mata rigakafin limoniya.